An yi alayimen sau uku amma mota ba ta daina yawo ba: ina matsalar take?

Duk ƙarshen damina za ka ga layi ya ƙaru a wurin masu alayimen, wato masu saita tsayuwar tayoyin mota, a cikin garin Sakkwato, kuma yawancin motocin tsofaffin jif ne da Hilux waɗanda suka sha burji da gargada a hanyoyin Tangaza, Gudu, Silame, Wurno da Rabah. Koken kusan iri ɗaya ne. Direba zai ce yana kan kwalta miƙaƙƙiya amma sai ya yi ta gyara sitiyari, ya ɗan ja dama ya ɗan ja hagu, kamar mai kora akuya zuwa kasuwa, in ya saki hannu na daƙiƙa biyu mota ta kama gabanta. Amsar da ake ba shi ma ɗaya ce: "Alhaji motag ga alayimen taka biɗa." A biya, a yi, a fita, kafin a kai Kwannawa ta koma gidan jiya.

Abin ya fi damun mutane yanzu saboda tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji a watan Yunin shekarar, kuɗin taya da na kayan gyara ya tashi, wanda da zai sayar da tsohuwar motarsa ya sauya wata yanzu lallaɓa ta yake yi. To kuskuren gano ciwo ɗaya kawai zai iya cinye tayoyi biyu na gaba cikin 'yan watanni.

Ba duk rashin natsuwar sitiyari ba ne yawo

Nan ne ruɗanin yake farawa, don kalma ɗaya ake amfani da ita wa cututtuka huɗu ko biyar. Yawo shi ne mota ta riƙa karkata wani lokaci dama wani lokaci hagu, ba ta da ɓangare takamaimai. Ja kuma daban ne, kullum gefe ɗaya take nufa. Akwai rawar sitiyari, wadda ke zuwa a wani gudu na musamman, galibi tsakanin kilomita 80 zuwa 100 a awa, in ka wuce wurin ko ka rage sai ta lafa, wannan yawanci balansin taya ne ko rim ya lanƙwashe ko laka ta bushe a cikin rim. Sai kuma babbar girgiza mai tsoratarwa da ke kama motoci masu aksul guda a gaba, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayoyin gaba biyu, bayan sun faɗa rami, gaban motar duka ya kama kakkarwa ba ya tsayawa sai an kusa tsayar da ita. Na ƙarshe shi ne sitiyari a karkace alhali mota tana tafiya daidai.

A cikin waɗannan, na ƙarshen ne kawai za a ce alayimen kaɗai yana maganinsa kai tsaye. Ja wani lokaci alayimen ne, wani lokaci taya ko birki. Yawo kuwa mafi yawan lokuta wani abu ne ya saki.

Abin lura game da ja: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, saboda haka mota ta ɗan zame dama a hankali in an saki sitiyari ba ciwo ba ne. Haka in tireloli sun yi wa kwalta kwari biyu, faffaɗar taya za ta riƙa bin kwarin. Gwaji na gaskiya sai a shimfiɗaɗɗen wuri.

Me ake nufi da alayimen ɗin ma?

Kusurwa uku ake aunawa. Ta farko ita ce to-in, wato yadda bakin tayoyin gaba ke kallon juna ko ke kallon waje in ka leƙo su daga sama, kamar mutum ya tsaya yatsun ƙafarsa sun ɗan tsuke ciki. A yawancin irin waɗannan motoci ana son ɗan tsukewa kaɗan na milimita ƙalilan. In suka buɗe waje kowace taya tana son tafiya nata wuri, sai mota ta riƙa fizga duk lokacin da ɗaya ta fi ɗaya samun riƙo a ƙasa.

Ta biyu kamba, wato jinginar taya in ka tsaya a gaban mota, ko samanta ya kwanto ciki kamar mai gwame ko ya buɗe waje. Kamba ba ta cika sa yawo ba, ita aikinta cin gefe ɗaya na taya, da kuma ja in ta hagu da ta dama ba su zo ɗaya ba.

Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa kuma ita ce uwa a maganar yawo, kasta. Dubi ƙafar gaban babur, ba a miƙe take tsaye ba, ta kwanta baya wajen direba. Wannan kwanciyar ce ke sa ɗan kabu-kabu ya saki hannu yana gyara hula babur na tafiya ɗoɗar. Mota ma haka take, sandar da taya ke juyawa a kanta an ɗan kwantar da ita baya da digiri kaɗan, shi ke sa in ka gama kwana sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. In kasta ta ragu, sitiyari zai yi sauƙi a hannu kamar ba ya riƙe da komai, ba ya dawowa bayan kwana, kuma mota ba ta san inda gaba yake ba sai direba ya yi ta tuna mata.

Yanzu ga abin da yawancin masu mota ba a faɗa musu. Motocin da ke da aksul guda a gaba, irin Land Cruiser 70 da ta fito a 1984, da 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997, da tsohuwar Land Rover Defender da tsofaffin Hilux masu sifirin ganye a gaba, to-in ne kaɗai ke da wurin juyawa. Kasta da kamba a jikin ƙarfen aka gina su. In kwamfutar alayimen ta nuna sun kauce, ba noti ba ne za a murɗa, ko dai aksul ya lanƙwashe, ko sifirin ya zauna, ko bushin, wato robar da ke cikin mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, ya mutu, ko an ɗaga motar. Masu ƙafa daban-daban a gaba, wato kowace taya da nata hannuwan, irin Pajero da Prado da Land Cruiser 100 su kan sami wurin saita kamba da kasta, sai dai a tsohuwar mota kusoshin saitin sau da yawa tsatsa ta riga ta haɗe su da bushin, mai alayimen ya gwada ya ga ba su motsi sai ya gyara to-in kawai ya miƙa makulli.

Daga ina yawon yake tasowa

Tsakanin hannun direba da taya akwai gaɓoɓi da yawa: sandar sitiyari da 'yar mahaɗarta, bokis ɗin sitiyari, hannun da ke fitowa daga bokis, doguwar sandar da ke kai motsi ga taya, tayarod, wato sandar da ke juya tayoyin gaba tare, da kawunansa, boris ɗin taya, sai boris na sama da ƙasa da ƙullin aksul ke juyawa a kansu, ko boljoyin, wato mahaɗa mai ƙwallo, a masu ƙafa daban. Kowace gaɓa in ta saki da rabin milimita ba a ganin komai, amma in ka tara shida ko bakwai sai ka samu sitiyari yana juyawa faɗin tafin hannu taya ba ta san ana yi ba. Littattafan masu ƙera motocin suna ba da iyakar wannan lilo a bakin sitiyari kusan santimita 3 zuwa 4, fiye da haka akwai magana.

Ƙasarmu kuma tana gaggauta lalacewar. Robar da ke rufe kan tayarod zafin Afrilu mai wuce digiri 40 yana busar da ita ta tsage, ƙurar hunturu da rairayi su shiga su gauraya da giris su zama kamar garin niƙa ƙarfe, damina ta zo a ratsa fadama ruwa ya wanke sauran giris ɗin. Shekara ɗaya ta isa.

Sai lodi. Ranar kasuwar Illela ko Achida in aka danƙara wa Hilux buhunan albasa ko gero har bayanta ya zauna, nauyi ya bar tayoyin gaba, sitiyari ya zama fanko. Motar da ke tafiya lafiya ba kaya amma tana yawo da lodi, a duba sifirin baya da iskar tayoyin baya kafin a taɓa gaba.

Ɗaga mota ma na cikin manyan dalilai. Ana sa dogon sifirin ko dogayen shakul, wato ƙarafan da ke rataye sifirin ganye a jikin shasi, don ta ƙara tsawo ta ratsa kwazazzabai, amma a mota irin Land Cruiser 80 da hannuwa biyu ke riƙe da aksul, in jiki ya tashi sai aksul ya ɗan mirgina gaba, kasta ta zube. Ɗagawar santimita 5 kawai ta isa direba ya ji bambanci. Maganinsa bushin na musamman mai gyara kasta, ko a masu sifirin ganye a sa 'yar ƙarfe mai siffar gatari tsakanin sifirin da aksul. Ko sau goma aka juya tayarod ba zai dawo da kasta ba.

Akwai kuma motocin da suka shigo da sitiyari a dama aka juya shi hagu. Wasu an yi aikin da kyau, wasu kuwa walda aka yi wa mazaunin bokis a jikin shasi, kuma in wurin ya fara tsagewa bokis ɗin kansa ne ke motsi kafin ya motsa taya.

Yadda ake bin sawun ciwon

A fara da taya don ita ce mafi arha. A auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko littafin motar, ba abin da mai faci ya ga dama ba, don wasu in ba ka yi magana ba sai su ɗura mata har ta yi tauri kamar dutse, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, mota ta riƙa tsalle tana zamewa. Wanda ya rage iska don ratsa rairayi ya manta bai mayar ba shi ma zai ji mota tana lilo. A duba ko tayoyin gaba girmansu ɗaya kuma irinsu ɗaya, domin 'yan gwanjo akan haɗa wata daga nan wata daga can. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin mako na 23 a 2018. In mota ja take yi, a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya sauya gefe to taya ce, an gama bincike. In bayan tafiya ka kai hannu kusa da rim ɗaya ka ji ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, birki ne ke kamawa.

Bayan nan sai gwajin da ya fi kowanne amfani kuma ba ya cin ko sisi. Mota tana ƙasa a kan tayoyinta, ba a kan jak ba, don ana son nauyinta ya riƙe tayoyin. Yaron gareji ya zauna ciki yana kaɗa sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan ba tsayawa, bakanike ya kwanta a ƙasa da tocila, an ja birkin hannu an sa dutse a taya. Zai fara daga sama: sandar da ke shiga bokis tana juyawa, shin hannun da ke fita yana amsawa nan take ko sai ta yi tafiya kafin ya motsa? Sai ya dafa yatsu a kan kowane kan tayarod, mai lafiya yana tafiya tare da sandarsa kamar abu ɗaya, wanda ya mutu za ka ji ɗan ƙwas a yatsa, ka ga ƙwallon ya yi tsalle kafin sanda ta bi. Sai ya kalli sandar da ke kwance a gicciye tana riƙe aksul da shasi a motoci masu sifirin naɗi, in bushin ɗinta ya mutu za ka ga jikin mota gaba ɗaya yana zamewa gefe a kan aksul kafin taya ta juya, kuma wannan sandar ita ake fara tuhuma a babbar girgizar nan. Ya kuma goge laka a shasi inda bokis ke zaune ya nemi siririn layin tsatsa, alamar tsaga ke nan.

Daga nan a ɗaga gaba da jak. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, wani ya taka birki a sake girgizawa: motsin ya ɓace, boris ɗin taya ne, wanda a tsofaffin nan sau da yawa ɗaure shi kawai ake yi a sa giris. Bai ɓace ba, boris ɗin ƙullin aksul ne ko boljoyin. Ƙullin da ke zubar da baƙin giris mai ruwa-ruwa a bayan taya yana nuna man aksul ya ratsa, lokacin buɗe shi ya yi.

Kar a manta da baya. A ɗauki tef a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. In ba su zo ɗaya ba, wataƙila kusar tsakiyar sifirin ta karye aksul ɗin baya ya goce, irin motar da in kana bin ta a baya za ka ga tana tafiya a karkace kamar kare. Direbanta yana can yana faɗa da sitiyari, ciwon yana bayansa.

Sai an gama duk wannan, an canza abin da ya mutu, sannan alayimen ke da ma'ana. Auna kusurwa a kan gaɓoɓin da ke lilo daidai yake da awon hatsi da tiya mai huda, lambar da kwamfuta ta nuna a gareji za ta canza da zarar taya ta taka rami na farko.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu kwamfuta suna cewa zamanin igiya da tef ya wuce, kuma suna da hujja, don na'urar tana nuna kasta da kamba da kuma ko aksul ɗin baya yana kallon gaba sosai, abin da igiya ba za ta faɗa maka da lamba ba. Tsofaffin kanikawa su kuma suna cewa a motar da to-in kaɗai ake juyawa, alli da tef sun wadatar: a ja layi a tsakiyar kowace taya, a auna tazarar gaba da ta baya a tsayin cibiyar taya, a gyara. Su ma gaskiyarsu ne in ƙasa a shimfiɗe take kuma mai awon ya iya. Raunin kwamfuta shi ne ita ma sai ana saita ta, kuma rim mai lanƙwasa yana ruɗa ta, sannan in ba a zaɓi ainihin samfurin motar a cikinta ba, da ma'aunin wata mota za a yi maka aiki. Mai mota yana da haƙƙin ya ce a nuna masa lambobin kafin da bayan gyara.

Saɓani na biyu a kan ɗaure bokis ne. Akwai noti a samansa da ake rage lilo da shi, wasu kanikawa da shi suke farawa. Masu adawa da hakan suna cewa bokis ya fi cinyewa a tsakiya inda ake yawan tuƙi, in ka ɗaure har lilon tsakiya ya ɓace gaba ɗaya sai ya riƙa cijewa, sitiyari ya daina dawowa da kansa, yawon ma ya ƙaru don yanzu kowane ɗan gyara sai direba ya tura ya kuma jawo. Masu yi kuma suna cewa sabon bokis ba kowa ke iya sayensa ba. Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne a yi shi a ƙarshe ba a farko ba, tayoyi suna kallon gaba, kaɗan-kaɗan ana gwadawa.

Haka maganar shokozobar sitiyari, wadda ke kwance a jikin tayarod. Sabuwa tana rage bugun da rami ke kawowa hannu, direba zai ji daɗi, amma ba ta ɗaure abin da ya saki, ɓoye shi take yi har ita ma ta gaji.

Kayan gyara kuma uku ne a kasuwa: na kamfani mai tsada, na gwanjo da aka ciro daga wata mota, da sabo mai arha. Masu son gwanjo suna cewa ƙarfensa na asali ne, masu sukar sa suna cewa ba ka san saura kwana nawa ya rage masa ba. A abu irin hannun bokis ko sandar ƙarfe gwanjo mai kyau ba laifi, amma bushin na roba da ya shekara 20 ya riga ya bushe ko daga ina ya zo. Abin da babu mai kare shi a fili, ko da yake ana yi, shi ne bubbuga kan tayarod da guduma don ya matse, ko cusa masa leda, ko sa ƙusa a madadin fin ɗin da ke hana noti warwarewa. Kan tayarod in ya fita daga mazauninsa ana cikin gudu, tayar ba ta ƙara jin umarnin sitiyari.

Abin da ke shafar aljihu da lafiyar jama'a

Lissafin taya mai sauƙi ne. Taya da ta kauce da digiri 1 daga inda mota ta nufa, ana jan ta a gicciye kusan mita 17 a kowace kilomita, wato a tafiyar kilomita 100 an goge ta a kwalta fiye da kilomita ɗaya da rabi. Shafa tafin hannu a kan tayar, in ta yi santsi ta gefe ɗaya ta yi kaifi ta ɗaya gefen kamar haƙoran zarto, to-in ne ke cin ta. Wannan gogayyar mai take ci, ko da ba a gani a rana ɗaya.

Ga mai motar haya kuɗin nan a kan fasinja da mai kaya yake ƙarewa. Ga direba kuma akwai gajiya, wanda ya taso daga Sakkwato zuwa Gusau yana kokawa da sitiyari kafaɗunsa sun mutu tun kafin Talata Mafara, kuma a ƙuntataccen titi inda tirela ke tahowa ga babura a gefe, taku ɗaya na zamewa ya isa. Tsofaffin jif suna da tsawo, nauyinsu a sama yake, fizgar gaggawa don dawo da su kan hanya ta fi saurin kifar da su fiye da ƙaramar mota. Irin waɗannan motocin ne kuma ke ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatan rigakafi zuwa ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta shiga.

Ta fuskar doka, jami'an duba motoci na VIO da na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, suna da hurumin duba lafiyar mota, kuma taya da ta cinye gefe ɗaya tana cikin abin da ido ke fara gani a shingen bincike, ko da takardun mota sun cika.

Bayan an canza kayan gaba an yi alayimen, a koma gareji bayan tafiyar mako guda a sake bin notocin da sifana, musamman masu riƙe sifirin da aksul da na tayoyi, don sabon bushin da sabon ƙarfe suna zama su ɗan saki. Notocin bushin kuma a ɗaure su mota tana ƙasa da nauyinta, in aka ɗaure tana rataye a jak robar za ta murɗe da zarar an sauke, ta yage tun kafin damina ta zagayo.